Jan Zare da Ƙwan Ɗawisu

A shekarar farko ta korona aka ajiye ni gadi a bakin wani layin gidaje a Al Rayyan. Aikin ba shi da wuya. Mota ta tsaya, in duba launin da ke kan wayar direba, in auna zafin goshinsa, sannan in ɗaga sanda. Mai kore ya wuce, mai ja ko rawaya ya juya. Tsakanin mota da mota kuwa sai zama, kuma ni zaman banza yana ci mini rai.

Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma kafin in zo Qatar na yi shekaru a shagon gyaran rediyo a Funtua. Maigidana na can ya bar mini ɗabi'a ɗaya, wato kowane aiki yana da farko, yana da mai bi masa, kuma ba a tsallakewa. Sukurun da ka fara kwancewa shi ne na ƙarshe da za ka mayar. Da wannan nake rayuwa har yau, kuma na san akwai waɗanda na gundura da shi.

Da zaman ya yi yawa sai na sayi tsohuwar laftof a hannun wani ɗan Nepal da zai koma gida, na kuma yi odar ƙananan allunan lantarki irin waɗanda masu sha'awa suke wasa da su. A tsakiyar kowane allo akwai aisi, baƙi, dogo, mai ƙafafu jere a gefe biyu, shi ne ƙwaƙwalwar. Kana rubuta masa umarni a laftof: idan zafi ya kai kaza ka kashe wuta, idan ya sauka ka kunna. Abin da ke kai umarnin cikinsa wata 'yar na'ura ce da ake kira furogirama. Tawa ba ta fi babban yatsa ba, kuɗinta kuma bai kai na farantin shinkafa biyu ba. Kai ɗaya yana shiga laftof, ɗaya kan kuma yana da kebul mai faɗi, wayoyi shida a manne, ta gefe guda ja, ita nake kira jan zare. Amfaninta shi ne ba sai ka cire aisi daga wurinsa ba, yana zaune a kan allonsa take rubuta masa.

Da hannuna ya faɗa sai na fara haɗa allona da kaina, da dalma. Na jera fil shida a layi ɗaya inda kebul ɗin zai shiga. Na hagu shi ne na wuta, na dama shi ne na ƙasa, saboda haka jan zaren kullum hagu yake kallo. Kan kebul ɗin yana shiga ta kowace fuska, babu abin da zai hana shi. Idan aka juya shi, wuta ta bi inda bai kamata ba. Ni na sani, kuma ni kaɗai nake taɓawa, don haka ban damu ba.

A gidan ƙarshe na layin akwai wani dattijo mai kula da tsuntsaye a bayan gida, kaji da tantabaru da 'yan agwagi. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya kusa sittin, gajere, mai furfura a gemu kawai. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Ofisa saboda yunifom, duk da na gaya masa ba na so. Kullum da hantsi yakan kawo mini shayi a kofin takarda ya ajiye a nesa, mu yi hira ta bayan takunkumi. Yakan ce Hausata ta rediyo ce, ni kuma in ce tasa an wanke ta da ruwan teku har ta koɗe.

Baba mutumin dama ne. Ba wai hannu kawai nake nufi ba. Takalmin dama yake fara sawa, aljihun dama yake ajiye abin kirki, idan ya shigo wurin da mutane suke ta dama yake fara gaisuwa ko da babba yana hagu. Idan zai kwashe ƙwai daga akurkin dama yake farawa, idan zai sa musu lamba da fensir daga dama yake jerowa. A makarantar allo ya yi duk karatunsa, kuma ya taɓa gaya mini cewa malaminsu yakan buge hannun duk yaron da ya miƙo hagu, har ya zama shi hannunsa ba ya jiran shawararsa. Na lura da wannan tun farko, na ɗauke shi abin dariya.

A tsakiyar kullen korona injin ƙyanƙyasar gidan ya mutu. Shaguna a rufe, mai gyara ba ya zuwa. A watan nan maigidan ya sallami direba ɗaya da mai taya kuku, kuma Baba ya zo wurina fuskarsa ba daɗi, ya ce idan babu 'yan tsaki shi mene ne aikinsa. Na je na duba. Hita lafiya, fanka lafiya, motar da ke juya tire lafiya, allon ne ya ƙone. Na cire shi, na ɗaura nawa a saman injin, na rubuta masa tsarin kaza daga farko har ƙarshe. Zai riƙe zafi, zai riƙa juya ƙwai, idan aka kusa mako uku zai daina juyawa, idan mako uku ya wuce da kwana biyu zai kashe hita gaba ɗaya, domin a lokacin an kwashe 'yan tsaki. Lissafin kwanakin a cikin aisi yake ajiye shi, ko an zare wuta ba ya mantawa. Maɓalli kuwa ban sa ba ko ɗaya, domin na san inda maɓalli yake akwai yatsan da zai danna shi. Duk lokacin da za a zuba sabon ƙwai ni nake zuwa da laftof da furogirama in mayar da lissafin farko.

Haka muka yi sama da shekara, ba a taɓa samun matsala ba.

A sanyin da korona ta sake dawowa da ƙarfi, Baba ya ce mini za a zuba sabon ƙwai. Na je na mayar da lissafi kamar kullum. Ban tambayi ƙwan mene ne ba, shi ma bai faɗa ba. Sai da aka shiga mako na uku, muna shan shayi, yake ba ni labari cewa ƙwan ɗawisu ne guda goma sha biyu, maigidan ya karɓo daga gonar wani abokinsa, ya kuma riga ya yi alfahari da su a majalisarsa. Kowace rana bayan la'asar da kansa yake zuwa da tocila ya haska su. Baba ya ce katin zamansa ya kusa ƙarewa, kuma da ya yi wa maigidan maganar sabuntawa, sai ya nuna injin ya ce su fito tukuna. Yana dariya ya faɗa, amma Baba ya shekara goma a gidan, ya san dariyar da ba ta wasa ba ce. A shekarunsa babu kamfanin da zai ɗauke shi. Idan wannan kafil, wato maigidan da ya tsaya masa, ya ce khalas, an gama, sai Kumasi.

Na tambaye shi kwana nawa ɗawisu yake yi. Ya ce kamar zabo ne, mako huɗu.

Na ajiye kofin. Na gaya masa injin bai san ɗawisu ba, kaza ya sani, kuma nan da 'yan kwanaki zai daina juyawa, sannan ya kashe wuta alhali sauran kusan mako guda. Baba ya ce shi ya zaci abin zafi kawai yake bayarwa, bai san yana ƙirga ba. Na ce masa kada ya damu, ranar Juma'a ina hutu, zan zo in loda masa sabon tsari. Da na koma masauki na gyara umarnin, na sa lissafin ya ci gaba daga inda ƙwan suke, na shirya jaka: laftof, furogirama, da gwangwanin alawa da nake ajiye aisi guda na ko-ta-kwana da 'yan tarkace.

Ranar Alhamis aka yi mana gwaji a kamfani. Kafin azahar wayata ta koma ja. Ba na jin komai sai ɗan kaikayin maƙogwaro, amma motar ta zo ta kwashe mu zuwa wani gini da ake killace mutane a bayan Al Wakrah. Na roƙi mai kula da mu ya bar ni awa biyu, ya dube ni kamar na yi hauka. Abin da na iya yi shi ne na bar wa abokin ɗakina, direban bas ɗin kamfani, jakar, na ce ya miƙa wa dattijon gidan ƙarshe.

Baba bai taɓa buɗe laftof ba a rayuwarsa. Jakar ta isa gare shi ranar Juma'a, ya goge ta da sanitaiza, ya shanya ta a rana kamar hatsi. Injin ya riga ya daina juya ƙwai, da hannu Baba yake karkata tiren. Hita kuwa a lissafina ba za ta wuce Lahadi ba. Muka yi da shi ranar Asabar bayan azahar zan kira shi ta bidiyo, mu gama kafin maigidan ya zo.

Ɗakin da aka sa ni mu huɗu ne, intanet ɗin ginin kuma ɗaruruwan mutane ne a kansa, kowa yana kiran gida. Na zauna a bakin gado kusa da taga inda ya fi kamawa. Baba ya jingina wayarsa da buhun dusa yadda zan ga saman injin da hannuwansa. Na ce masa sharaɗina ɗaya ne, ba zai yi komai ba sai na ce, kuma idan ya gama zai ce ya gama, sannan mu wuce. Ya ce yoo, Ofisa.

Ya zare injin daga bango. Ya buɗe laftof, ya danna inda na ce, ya jira. Neman kibiyar da ke yawo a kan gilashin ya ɗauke mu lokaci, domin da ya taɓa sai ta gudu, har ya ce wannan abu ya fi ɗan zabo wuyar kamu. Ya sa furogirama a ramin laftof, 'yar fitilarta ta kama. Na ce ya ɗauki kan kebul ɗin ya nuna mini jan zaren. Ya nuna. Na buɗe baki zan gaya masa inda zai kalla, sai hoton ya tsaya cak, hannunsa a sama, sannan kiran ya yanke.

Na kira, bai shiga ba. Na sake kira. Na hau kan gadon na ɗaga wayar sama, mutumin da ke gadon kusa yana tari yana kallona. Da kiran ya shiga, fuskar Baba na fara gani, ya matso da ita kusa.

"Ofisa, abin nan yana wari."

Na ce ya juya wayar. Kebul ɗin yana zaune a kan fil shida, jan zaren yana dama. Na ce ya zare maza. Ya zare, ya taɓa aisi da yatsa, ya janye da sauri ya kai yatsan bakinsa. Na ce ya mayar da injin bango mu gani. Ya mayar. Fanka ba ta motsa ba, ɗan gilashin da ke nuna zafi bai kawo ba. Na sa ya zare ya sake sawa, ko da yake na san amsar.

Na tambaye shi wa ya ce ya sa. Ya ce ya ga lokaci yana tafiya, fil shida ne, rami shida ne, ya ga ba wani abu ba ne.

"To me ya sa ka kai jan dama?"

"Shi ne mai alama a cikinsu. Na yi bisimilla, na ba shi dama. Ina kuma za a kai shi?"

Akwai maganganu a bakina a lokacin, kuma da yaron shago ne da ya ji su duka. Amma Baba ne. Na haɗiye, na ce masa kada ya buɗe ƙofar injin tukuna. Ranar ana iska mai sanyi daga arewa, rumfar tsuntsayen kuma a buɗe take ta gefe guda, zafin da ke ciki ba zai daɗe ba. Ya ɗauko bargonsa ya lulluɓe jikin injin ya bar saman. Ya ruga kicin ta ƙofar baya ya cika robobin ruwa da ruwan ɗumi, ya naɗe su da tawul, ya buɗe ƙofar kaɗan ya tura su ƙarƙashin tire. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya ɗora a kan fatar idonsa, ya ce da sauran ɗumi. Duk wannan ina kallon rufin kwano ne da ƙafafun kaji, domin wayar ta zame daga buhun.

Abin da nake tsoro shi ne furogirama. Aisi ina da wani a gwangwani, amma sabo ne fil, babu komai a cikinsa, kuma babu hanyar sa masa umarni sai ta ita. Idan ita ma ta tafi, babu wata a kusa, oda kuma sai ta yi mako. Na ce ya duba fitilarta. Ya ce a mace take. Na ce ya zare ta ya sa a ɗaya ramin, na gefen can na laftof. Ya daɗe yana lalube, yana juya ta sama da ƙasa. Sannan ya ɗago ta gaban wayar, 'yar jar fitilar tana ci. Ramin farko ne ya rufe kansa. Na ce ya zare ta ya ajiye a gefe, ba za ta sake shiga laftof ba sai komai ya zauna.

Muka koma kan aisi. A gurbi na zaunar da shi, ban manne shi da dalma ba, saboda haka ana iya ɓamɓaro shi. Na sa ya kawo ƙaramin cokalin shayi, ya sa bayan cokalin a ƙarƙashi, ya ɗaga kaɗan ta nan, kaɗan ta can, har ya fito. Ya buɗe gwangwani ya ɗauko sabon. Na nuna masa cewa a kai ɗaya akwai 'yar tsaga kamar an gutsura, kuma wannan tsagar hagu za ta kalla, gefen da jan zare yake zuwa. Idan aka juya shi, shi ma zai bi ɗan'uwansa, kuma babu na uku.

Ya ce ya gane. Ya riƙe shi daidai, tsagar tana hagu. Ya sunkuya, ya yi bisimilla, kuma ina kallo yatsunsa suka juya shi a hanya kafin ya kai gurbin. Na ce tsaya. Ya tsaya, ya duba, ya ce subhanallahi. Ya gyara, ya sake sunkuyawa, ya kai bakin gurbin sai ya ɗago ya ce in sake faɗa masa, hagunsa ko haguna. Na faɗa. Ya sake riƙewa, na ga tsagar ta koma dama, shi kuma bai ma sani ba.

Ya ajiye aisi a kan murfin gwangwani, ya goge tafinsa a riga. Ya ce shi hannun nan shekara hamsin yana abu ɗaya, yau da tsoro a cikinsa ba zai koyi wani ba. Ya ce ko dai ya je ya gaya wa maigidan gaskiya tun yanzu, a nemi wani injin, shi kuma ya fara haɗa kayansa.

Na dubi hoton da kyau. Injin a kan tebur yake, tsakaninsa da bango akwai 'yar tazara inda ake jingina tsintsiya. Na tambaye shi ko zai iya shiga nan. Ya ce me zai yi a can. Na ce ya kwashe tsintsiyar, ya shiga a hankali kada ya girgiza teburin, ya tsaya yana fuskantar injin ta baya. Ya matsa cikinsa ya shiga, yana cewa yau ga ranar da rashin cin fufu ya yi masa amfani. Ya jawo buhun ya sake jingina wayar.

"Yanzu, Baba, duk abin da ke da alama ka ba shi dama."

Ya dubi allon, ya dubi aisi, ya dube ni. Sai ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ɗauka, ya yi bisimilla, tsagar ta tafi dama da kanta. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a bakin rami, na sa ya ɗago ya miƙar da ita da farce, ya sake dannawa har ya zauna. Ya ɗauki kebul, jan zare ya tafi dama, hannun bai yi ko gezau ba. Na sa ya kawo wayar kusa na duba da idona, na sake dubawa, sannan na ce ya sa furogirama a laftof. Na ce ya ɗora yatsa a kan aisi ya gaya mini. Ya ce sanyi ƙalau.

Ya miƙa hannu ta saman injin ya danna inda na nuna masa. Rubutu ja ya fito a ƙasan gilashin. Ba ya iya karantawa, ya kawo wayar, ni ma da ƙyar na gani. Na'urar tana cewa ta yi magana ba a amsa ba. Daidai lokacin aka fara kiran la'asar a masallacin layin, na ji shi ta cikin wayarsa kafin a fara a namu.

Na rufe ido na bi abin daga farko. Wuta ta shiga, kebul daidai, aisi daidai. Sai na tuna cewa sabon aisi a hankali yake tafiya kafin a saita shi, furogirama kuwa da sauri take magana. A jikinta akwai fil biyu da ake haɗawa don ta rage gudu. Na ce ya zazzage gwangwanin a tafinsa ya nemi wata 'yar baƙar hula ta roba, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya same ta, ta faɗi cikin dusa, ya durƙusa a wannan matsatsin yana tonawa. Ya samo ta, ya hure, ya sa ta a kan fil ɗin. Ya sake dannawa.

Wani layi ya fara cika a hankali daga gefe zuwa gefe. Bai kai rabi ba na ga inuwa ta faɗo a kan teburin, sannan farar riga da tocila a hannu. Maigidan bai tsaya salla a masallaci ba ranar, ko kuma da wuri ya fito, ban sani ba. Ya tsaya yana kallon bargo, da robobin ruwa, da dattijonsa a maƙale tsakanin tebur da bango. Ya tambaya da Larabci mene ne wannan.

Baba bai ɓoye ba. Da guntun Larabcinsa ya ce injin ba shi da lafiya, hannunsa ne ya ƙona shi, likitan kuma ga shi a cikin waya. Maigidan ya sunkuyo ya dube ni, ni ma na dube shi ta saman takunkumi. Ya gane ni, mai ɗaga masa sanda. Ya tambayi tun yaushe wuta ta ɗauke. Baba ya ce tun bayan azahar. A nan layin ya cika. Na ce wa Baba da Hausa ya zare furogirama daga laftof tukuna, sannan kebul, sannan ya sa injin a bango. Ya yi su a jere. Fanka ta tashi, gilashin ya kawo, lambar zafin tana ƙasa da inda ya kamata amma ba ƙasa sosai ba, kuma muna kallo ta ƙara ɗaya. Tiren ya yi ƙara ya karkata.

Maigidan bai haska ƙwan ba ranar. Ya sa bayan hannunsa a kan ƙofar injin, ya ce za mu gani, ya tafi.

Sauran kwanakin ba ni da aiki sai jira. Baba yakan kira ni safe da yamma ya nuna mini lambar. Ya ce ya haska, a wasu yana ganin motsi, a wasu ba ya ganin komai, kuma bai san ko idonsa ne ba. Ya daina tsokanata, ni ma na daina gyara masa Hausa. A ranar da aka sallame ni wayata ta koma kore, washegari na koma bakin ƙofa, kuma a ranar ne ɗan tsako na farko ya fasa ƙwai. Bakwai suka fito cikin kwana biyu, ɗaya bai kwana ba. Sauran biyar Baba ya fasa su a bayan rumfa, uku ruwa ne zalla tun asali, biyu kuwa da 'ya'ya a ciki sun mutu. Ya binne su.

Maigidan ya ɗauki hoton shidan a cikin kwali, ya ce wa Baba ya kawo fasfo ɗinsa. Bai ce na mene ne ba. Da fasfo ake sabunta kati, da shi kuma ake yankar tikiti. Baba ya kawo mini shayi kwana da kwanaki ba ya shan nasa. Ran nan da hantsi na hango shi yana tahowa ba kofi a hannunsa, ya zo har gaban sanda, ya sa hannu a aljihun dama ya zaro sabon kati ya ɗora mini a kan tebur.

Da na samu hutu na cire fil shidan na sake jera su, wuta ta koma dama. Na toshe rami ɗaya yadda kebul ba zai shiga a juye ba, na koya wa Baba mayar da lissafi da kansa, na kaza daban, na mako huɗu daban, na bar masa furogirama ta biyu da na yi oda. Maɓalli dai har yau ban sa ba.

Ba a daɗe ba Ghana ta fitar da Nijeriya daga zuwa gasar cin kofin duniya da za a yi a nan Qatar, kuma na sha abin da na sha. Kullum da shayin yake zuwa da tambaya, ko ina so ya riƙe mini wuri a filin wasa, ko mu 'yan Nijeriya gadi kawai muka zo yi. Da gasar ta zo aka kai mu aiki filin da ke nan Al Rayyan, kuma ranar da Ghana ta buga a can ina bakin shingen da ake raba mutane layi biyu. Maigidan ya ba shi tikiti. Na hango shi cikin taron da tuta a wuya, da hularsa ta zuwa Juma'a. Layin dama ya cika har ya lanƙwasa, na hagu kusan babu kowa, kuma aikina shi ne in tura mutane can. Na ɗaga hannu na nuna masa hagu. Ya ce sannu da aiki, Ofisa, ya bi bayan na ƙarshe a layin dama ya tsaya. Na bar shi, na juya ga mai bi masa.